Kawar da aka ce an tono a sokawen Kawu

Hoton da daddare ya shigo guruf ɗin danginmu na WhatsApp, wani dutse a tafin hannun lebura, girmansa kamar an raba babban lemo gida biyu, an rubuta a ƙasa wai a ramin sokawe aka tono shi a fulotin Kawu da ke can bayan Rijiyar Zaki. Kafin gari ya waye saƙo ya yi yawa har na gaji da karantawa, wani ya ce ragowar ruwan Ɗufana ne, wani ya ce ai dama Kano teku ce a da, wata gwaggonmu ta ce maza a mayar da abin rami a yi addu'a don ba a san na su waye ba, sai kuma ƙanin matar Kawu, wanda shi ko kashin akuya ya gani sai ya lissafa nawa zai kawo, ya ce duk inda aka ga irin wannan to akwai man fetur a ƙasa, ba ga Kolmani nan ba, inda aka samu mai a wajen Gombe. To wannan maganar ta ƙarshe ita ta zauna wa Kawu a ka. Ya dakatar da birkila, ya sallami leburori, ya ce kar a ƙara ɗora bulo ko ɗaya sai an gano abin da ke ƙarƙashin fulotin, ga siminti an sauke yana jiran damina ta same shi.

Ni aikina safiyon ruwa ne, ni ne wanda ake kira ya zo da wayoyi da turakun ƙarfe ya ce a nan za a haƙa bohol, kuma ilimin duwatsu na karanta a jami'a, amma a dangi ba a tuna hakan sai ranar da famfo ya daina kawo ruwa. Kwana huɗu ana ta surutu kafin Kawu ya kira ni. Ya ce, "Kai Injiniya, wai ba irin wannan kuka karanta ba ne? Ka zo ka duba min, amma ka rufe bakinka, kar 'yan unguwa su ji." Alhali 'yan unguwa sun riga ni gani.

Da ya warware shi daga cikin hankici, gaskiya sai da gabana ya ɗan faɗi, don na san abin, na taɓa tsintar irinsa da hannuna amma ba a Kano ba. Kawa ce. Irin halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar ƙyauren taga, dangin makankarin da yara ke tsinta a bakin kogi. Wannan ɓari ɗaya ne, mai zurfi kamar ƙaramin ƙoƙo, kaurin ɓawon ya kai na ɗan yatsa a wajen gindi, bakinsa ya murɗe gefe guda kamar ƙahon rago, bayansa da wasu jijiyoyi masu kauri da suka taso daga murɗin suka bazu, sannan layi-layi sun ratsa su, layukan da dabbar ke ƙarawa tana girma. Cikin ƙoƙon cike yake dam da wani dutse mai ruwan toka da ɗan rawaya-rawaya, ya manne, ko da ƙusa ba ya fita. Na juya shi, ta ɗaya gefen akwai wani baƙin shafi da ɗan maiƙo, na shinshina na ji kamar warin baƙin mai. Na ajiye wannan a raina ban ce komai ba.

Tambayar farko da na yi ba ta yi wa kowa daɗi ba. Na ce wa ya gan shi a jikin bangon ramin, manne a cikin ƙasa, kafin a cire? Aka kira leburan da ya tsinta, yaro ne mai gaskiya, ya ce shi dai a cikin tulin ƙasar da aka fitar ya gan shi da safe, yana kwasa a baro. Ba wanda ya ga diga ta ɓanɓaro shi. Kawu ya ce to ai duk ɗaya ne, ƙasar ba daga ramin ta fito ba? Na ce Kawu Allah ya ƙara maka lafiya, a wajenmu ba ɗaya ba ne ko kusa, dutsen da aka cire daga mazauninsa aka rubuta zurfinsa shi ne mai ba da shaida a kan wurin, wanda aka tsinta a tuli kuwa baƙo ne har sai an san daga inda ya zo.

Sai na sa aka kawo tsani na shiga ramin. Zurfinsa bai fi ƙafa goma ba. Daga sama akwai ƙasar noma mai ɗan duhu kamar kamu biyu, da tsingaro da ledoji a ciki, ƙasanta jar marmara mai ƙurajen ƙarfe wadda ta sha wa leburori kai, sai can ƙasa ta fara komawa yumɓu mai dabbare-dabbare fari da ja, da 'yan ƙwayoyin farin dutse masu kaifi a ciki. Duk mai haƙar rijiya a birnin nan ya san wannan jerin ko da bai san sunansa ba. In da za a ci gaba, a mafi yawan wuraren da na tsaya a kan injin bohol, bayan yumɓun sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashi, sai dutse mai tsage-tsage inda ruwan namu yake maƙalewa, sai kuma lafiyayyen dutse wanda injin ke ta kuka a kansa yana fitar da farar ƙura. Wannan dutsen, giranait da danginsa, shi ne ƙashin bayan Kano. Yumɓu da marmarar da ke samansa ba daga wani wuri aka kawo su aka shimfiɗa ba, shi dutsen ne ya ruɓe a inda yake saboda ruwa da zafi na dogon zamani, marmarar ma ƙarfen da ya rage ne ya dunƙule, irin wadda ke saman Dala da Goron Dutse, wadda maƙeran farko suka riƙa narkawa a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7.

Kuma shi giranait narkakken dutse ne ya huce a can cikin ƙasa, ba abin da zai shiga cikinsa ya fito da siffarsa. Ga kuma shekaru, yawancin na wannan yankin sun kai wajen miliyan 600, lokacin ba a ma fara samun dabba mai ɓawo irin wannan a doron ƙasa ba, dangin kawa na farko sun bayyana ne shekaru miliyan 500 da 'yan kai da suka wuce, ƙanana ƙwarai. Ko duwatsun Riruwai da ke kudancin jihar, masu kuza, waɗanda ake ce wa matasa don na zamanin Jurasik ne, zamanin su dinoso, can baya sosai da waɗancan, su ma narkakku ne. Na ɗiga asid ɗin da muke yawo da shi a 'yar kwalba a bangon ramin sama da ƙasa, shiru, ko kumfa ɗaya. Na fito na ɗiga a kan dutsen da ke cikin ƙoƙon kawar, nan take ya hau tsuwwa yana kumfa kamar an buɗe lemon kwalba, leburan har ya ja da baya. Dutsen farar ƙasa ne, wanda ake toyawa a yi siminti. Ramin bai san shi ba, shi ma bai san ramin ba.

Abu na biyu da na duba, kuma da farko shi na fi zato kafin in riƙe abin a hannu, shi ne yashi. Tifofin da ke kawo mana yashi daga Challawa da wajen Wudil suna zuwa da makankari a ciki, duk birkila ya san wannan, yana tankaɗe yana watsar da su. Akwai ma kawar kogi ta gaske a manyan kogunan Afirka, mai manne wa duwatsu, da kauri da muni, mutum zai iya ruɗewa. Amma na kogi in ka duba cikinsu suna da wani sheƙi kamar na maɓallin riga, ba su da nauyi, kuma yashi ko taɓo ne a cikinsu ka wanke ya fita. Wannan ba sheƙi, ga nauyi, ga dutse ya kama shi ciki da waje. Sannan murɗin bakin nan, na kogi ba sa yin sa.

Murɗin shi ne ya ba ni suna. Irin wannan kawa mai ƙahon rago ana kiran danginta Exogyra, ta teku ce, ɓarinta na ƙasa mai zurfi ne ta kwanta a kansa cikin taɓo, na sama kuwa shafaffe ne kamar faifai a kan ƙwarya, shi ya sa galibi na ƙasan ake tsinta don shi ne mai ƙwari. Akwai kuma dalilin da ya sa kawa ke zuwa mana da ɓawonta cak alhali sauran 'yan uwanta sai dai ka ga curin laka mai siffarsu. Ɓawon kawa da ma'adinin kalsait aka gina shi, mai jure zama a ƙasa, yawancin sauran kuwa da aragonait, wanda ruwan ƙasa ke narkarwa a hankali, sai ya bar abin da ya cika cikin kawai, kamar yadda alkaki ke ɗaukar siffar abin da aka matsa shi a ciki. Wannan mai kaurin jijiyoyi ta yi kama sosai da wadda ake kira olisiponensis, sunan daga tsohon sunan birnin Lisbon ne don a Fotugal wani Bature mai suna Sharpe ya fara bayaninta a 1850, kuma ana samunta a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Angola har Kudancin Amurka, a duwatsu masu shekaru wajen miliyan 94. A Najeriya kuma an san gidanta.

To a nan ne aikin ya yi daɗi, don a Arewa wurare biyu ne manya da za ka fara tunani in ka ga kawar teku cikin dutsen farar ƙasa, kuma duka biyun akwai kamfanin siminti a kai, ba kuma haɗuwa ce ta banza ba, inda teku ta bar farar ƙasa nan ake kafa kamfanin. Ɗaya Sakkwato, ɗaya Gombe.

Na Sakkwato na fara cirewa. Can shimfiɗun dutse, wato hawa-hawan da suka taru ɗaya bisa ɗaya, a jere suke kamar atamfofi a shagon Kantin Kwari, wadda aka fara ajiyewa ita ce a ƙasa. Akwai na Taloka, sai na Dukamaje, sai na Wurno, waɗannan na ƙarshen zamanin Kiretashiyos ne, tsakanin shekaru miliyan 72 zuwa 66 da suka wuce, kuma a na Dukamaje ɗin ne aka samu ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku dangin ƙadangare da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A samansu sai na Dange, sai farar ƙasar Kalambaina wadda kamfanin simintin Sakkwato ke haƙa, sai na Gamba, su kuma na zamanin Faliyosin ne, wanda ya biyo bayan Kiretashiyos. Kalambaina cike take da bawo, akwai kawa, akwai wata mai ɓari biyu da ake kira Lucina pharaonis, akwai bushiyar teku mai suna Linthia sudanensis, in ka tsinci wannan sai ka rantse wani ne ya zana tauraro a kan dunƙulen dawo. Amma Exogyra ba ta tsallake ƙarshen Kiretashiyos ba, ta tafi tare da su dinoso, don haka ba ta da abin yi a farar ƙasar Kalambaina. Saura Gombe.

Kawa ɗaya dai ba ta isa a yanke hukunci ba, kuma na gaya wa Kawu haka da misalin da na san zai gane. Na ce in aka yanka tsohuwar bola a cikin gari, za ka ga tsingaro tun daga ƙasa har sama, don an daɗe ana fasa tukwane, tsingaro zai gaya maka mutane sun zauna sun yi girki amma ba zai gaya maka shekara ba. Amma in ka ga katin waya da aka kankare, ka san wannan hawan bai riga 2001 ba, kuma yanzu ma katin ya fara ɓacewa tunda an koma saye ta banki, ka ga ya zo a lokaci ɗaya, ya bazu ko'ina, ya wuce da wuri. A duwatsun Kiretashiyos katin wayar shi ne amonait, wata dabbar teku dangin dorinar ruwa mai gida naɗaɗɗe kamar gammo, nau'inta na canzawa da sauri. Dangin kawa kuwa sun fi kusa da tsingaro, nau'i ɗaya kan daɗe, abin da suka fi iya faɗa shi ne yanayin wurin, ruwa marar zurfi, mai ɗumi, kusa da gaɓa. Wani Bature mai aikin safiyon hanyoyin ruwa a Ingila, William Smith, shi ya kama wannan dabarar ta gane shimfiɗa da abin da ke cikinta, har ya fitar da taswirarsa a 1815, kuma ina jin daɗin cewa shi ma ɗan safiyo ne mai yawo cikin taɓo irina, ba farfesa ba.

Na ce wa leburan mu zagaya mu nemi ɗan uwansa, don dutsen da ya zo baƙunta da wuya ya zo shi kaɗai. Mun fi minti talatin muna tona tulin ba komai. Sai a bakin layi, wajen da ƙasa ta ɗan gangara kusa da shagon mai sayar da siminti, na ga wani dutse mai launi iri ɗaya, ya fi na farko girma sau uku, an yar da shi a bakin kwata. Gefensa ɗaya a goge yake da baƙin roba, har da alamar zanen taya. Na wanke shi da ruwan buta, ga ɓaraguzan kawa birjik, ga kuma rabin wani abu mai kumburi naɗaɗɗe, santsi, da wasu zane-zane masu lanƙwasa kamar ɗinkin hula a jikinsa. Amonait ne, irin masu ƙiban nan dangin Vascoceras. Wallahi na yi dariya ni kaɗai a bakin kwata, yara suna kallona.

Weji ne. Dutsen da yaron mota ke cusawa a ƙarƙashin taya kar tirela ta gangara.

Mai gadin layin ya tuna tirelar, ta sauke wa mai shago kaya makonni kaɗan kafin nan, ta kwana a wurin. Mai shago ya kira direban, direba ya miƙa wa yaronsa waya, shi kuma da farko ya ɗauka wani laifi ya yi sai rantse-rantse yake. Da ya gane ba rigima ba ce ya ce e, daga wajen Bajoga suka taso, taya ta yi musu faci ba su yi nisa ba, katakon wejinsu ɗaya ya ɓata, ya gangara wani kwari a gefen titi ya ɗebo duwatsu uku ya jefa a mota, suka biyo ta Potiskum da Azare da Wudil, da suka sauke kaya a Kano ya bar su nan. Ƙaramin, inaga, ya ɓalle ne daga jikin wani, yara ko leburori suka yi ta ƙwallo da shi har ya faɗa tulin ƙasar Kawu. Baƙin man da na shinshina ya samu bayani.

Wannan yankin na san shi don can aka kai mu aikin fili muna aji uku, mako biyu muna kwana a ajin firamare, rana ta mayar da mu kamar gawayi. Shi ne kan babban kwarin Binuwai ta arewa, kwarin da ya tsage lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka a farkon Kiretashiyos, tsawonsa kusan kilomita 1000 daga wajen Neja Delta har ya nufi Tafkin Chadi. A ƙasan komai akwai dutsen yashin Bima, mai kauri sosai, koguna ne suka zuba shi, sunan daga dutsen Bima ne. Samansa na Yolde, inda za ka fara ganin yashi da laka suna musayar wuri, alamar teku ta fara leƙowa tana komawa. Sai na Pindiga, wanda a arewacin yankin tsofaffin littattafai ke raba shi su ce Gongila da Fika, nan ne teku ta shigo sosai, baƙar laka mai ɓarewa shafi-shafi da farar ƙasa a tsakani. Sai na Gombe, yashi da laka har da kwal, tekun ta ja baya ta bar bakin kogi da fadama. Sai Keri-Keri ya rufe, jan yashi na tudu. In ka tsaya a bakin ramin da kamfanin simintin Ashaka ke haƙa za ka ga farar ƙasar a ƙasa, lakar a sama, layi bisa layi kamar an ja da rula, kuma ɗalibai na cika aljihu da amonait har wando na zamewa. An daɗe da sanin wannan, tun littafin Falconer na 1911 a kan duwatsun Arewacin Najeriya wani masani mai suna Henry Woods ya yi bayanin bawon yankin, shi ya sa za ka ji sunaye irin nigeriensis da gongilensis a jikin amonait ɗin can.

Tekun da ta yi wannan aikin ba ta tsaya a Gombe ba. A wancan lokacin, tsakanin zamanin Senomaniyan da Turoniyan na cikin Kiretashiyos, wato wajen shekaru miliyan 94 ɗin nan da suka wuce, ruwan tekun duniya ya hau fiye da kusan kowane lokaci a tarihin nan na baya, har ya ratsa Sahara ta yau, ya haɗa tsohuwar tekun Tetis da ke arewa da Tekun Atlantika da ke buɗewa a kudu, ta Nijar da kwarin Binuwai. Shi ya sa kawar Fotugal da ta Aljeriya da ta Bajoga suka zama 'yan gida ɗaya. Kano tana gefe a kan tudun tsohon dutse, kwarin Binuwai na gabas da ita, na Sakkwato na yamma. In ka bar Kano ka nufi Gumel da Haɗeja za ka hau shimfiɗun Chadi, yashi da yumɓu, amma su na tafki da kogi ne kuma na jiya-jiyan nan in aka gwada da waɗancan.

Abin dariyar da na ajiye wa Kawu sai ƙarshe, wannan ɓangaren na Pindiga mai farar ƙasa da kawa, masana na kiransa da sunan Kanawa, daga wani gari mai wannan sunan kusa da Gombe. Na ce ka ga Kawu, ba a yi ƙarya duka ba, dutsen Kanawa ne, sai dai ba na Kano ba. Bai yi dariya ba.

Don shi maganar mai ce a ransa. Ya ce to in dutsen daga Gombe yake kuma a Gombe aka samu mai, ai maganar surukinsa ta fito. Na ce ta fito a Gombe. Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda NNPC ta sanar a 2019 kuma Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, yana cikin wancan kwarin ne, inda shimfiɗu suka taru kilomitoci a tsaye. Mai na son laka mai ɗauke da ragowar ƙananan halittu, a binne ta da zurfi ta dahu, a samu yashi mai ƙofofi ya riƙe, a samu murfi a sama. Kawa ba ta kawo mai, tana dai nuna an taɓa yin teku, kuma ko a can ɗin ba duk inda ka ga kawa ne za ka samu mai ba. A fulotin Kawu daga ƙafa goma zuwa inda injin zai gaji, ruɓaɓɓen giranait ne da lafiyayyensa, abin da zan iya nema masa a ciki ruwa ne, shi ma sai an dace da tsaga.

Maganar Ɗufana kuwa wani dattijo abokin Kawu ne ya tayar da ita da muka zauna a ƙofar gida bayan magariba, kuma cikin mutunci ya yi ta. Na ce Baba wannan fagen malamai ne, ni iyakata abin da na gani a jikin dutse. Abin da na gani a Gombe shi ne kawa manne a kan kawa, ƙanana a bayan manya, wasu ɓari biyun a rufe yadda suka mutu a kwance, kowace da layukan girmanta na shekaru, a samansu laka, a saman lakar wata sabuwar zuriya ta sake kafuwa, haka hawa bayan hawa, ka ga wannan zama ne aka yi na dogon lokaci a wuri ɗaya. Na kuma gaya masa ba Turawa ne suka fara lura ba, Albiruni, malamin nan da aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa abin da masu haƙar rijiya ke fitarwa, hawa-hawan ƙasa da yashi da tsakuwa da bawo a ciki. Dattijon ya ce Allahu Akbar, ya karɓi dutsen ya daɗe yana juya shi a hasken fitilar waya, ya ce ikon Allah ya fi gaban mamaki, ya miƙo min.

A takardar da na rubuta wa kaina, don na saba ko aikin dangi ne sai na rubuta, abin da na sa shi ne kawa dangin Exogyra da guntun amonait a farar ƙasa, daga ƙasan shimfiɗar Pindiga, yankin Bajoga, shekaru wajen miliyan 94, an tsinta a Kano a matsayin weji. Da a ce a jikin bango aka cire su aka auna, da sai a faɗi hawa na nawa, a jera su da na sama da na ƙasa, amma wannan bayanin ya zauna can a kwarin da yaron mota ya gangara.

Kawu ya yi kwana biyu bai ɗaga wayata ba. Ranar na uku birkila ya dawo, amma buhu shida na simintin sun riga sun sha raɓa sun daskare, kuma surukin nasa har yau yana gaya wa mutane wai an haɗa baki da ni ne don a saye fulotin da araha. Ƙaramin dutsen yana wajen Kawu a kan talabijin, babban yana ofishina ina danne takardu da shi. Yaron motar kuwa na karɓi lambarsa, na ce in sun sake bi ta wurin ya tsaya ya ɗaukar min hoton kwarin, ya ajiye wani abu a jikin bangon don in gane girma. Bayan sati uku sai ga hoto ya shigo da asuba, bango mai ruwan toka layi-layi, farin hawa ɗaya ya ratsa tsakiya kaurinsa kamar kamu uku, kawa sun leƙo daga jikinsa kamar haƙora, ga silifas ɗinsa ɗaya shuɗi ya maƙale a kan layin, a ƙasa ya rubuta, oga nawa za ka sayi buhu.